Kokawar Sana'a a Ƙasar Japan: Rikidozan da Magadansa

Abin da wannan lacca za ta duba shi ne kokawar sana'a ta ƙasar Japan, wadda mutanen can ke kira puroresu. Ya kamata tun da fari a bambanta ta da kokawar gargajiya da aka sani a nan, inda ƙarfi da dabara ke raba gardama, wanda ya sha ƙasa shi aka ka da. A puroresu masu shirya wasa ke yanke wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fili, amma dūka da faɗuwa da targaɗe duk na gaske ne.

Tushen al'amarin yana ga mutum ɗaya, watau Rikidozan. Da fari ɗan kokawar sumo ne, ya bar ta cikin 1950, sa'an nan ya kafa ƙungiyarsa ta kokawar sana'a cikin 1953, shekarar da aka fara talabijin a Japan. A lokacin ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga kayen da ta sha a yaƙin duniya na biyu ba, zukatan jama'a a karye suke. Mutane ƙalilan ke da akwatin talabijin a gida, saboda haka akan kafa shi a dandali, dubban mutane su yi cincirindo suna kallo. Cikin watan Fabrairu na 1954 Rikidozan da Masahiko Kimura, gwanin judo, suka kara da wasu ƙarti biyu 'yan'uwan juna, Ben da Mike Sharpe, waɗanda 'yan kallo suka ɗauka Amurkawa ne, alhali kuwa mutanen Kanada ne. Duk sa'ad da Rikidozan ya sari ƙaton Bature da gefen hannunsa, sai taro ya ɓarke da sowa, kamar an rama wa ƙasa abin da aka yi mata.

To, ga inda abin lura yake. Wannan gwarzo da Japanawa suka riƙa a matsayin mai share musu hawaye, haifaffen Koriya ne, ƙasar da Japan ta mulka daga 1910 zuwa 1945, kuma 'yan asalinta ba su da daraja a idon yawancin Japanawa na wancan zamani. Aka ɓoye asalinsa duk tsawon rayuwarsa, domin da ya bayyana da tallar ta lalace. Cikin Disamba 1963 wani ɗan ƙungiyar 'yan daba ya soke shi da wuƙa a wani gidan rawa a Tokyo, bayan mako guda ya rasu yana da shekara 39.

Almajiransa biyu suka gaji sana'ar, kuma rana ɗaya suka fara wasa cikin 1960. Giant Baba dogo ne ƙwarai, ya haura mita biyu. Antonio Inoki kuwa a Barazil Rikidozan ya samo shi, inda iyalinsu suka yi ƙaura. Cikin 1972 suka raba gari: Inoki ya kafa New Japan, Baba ya kafa All Japan, tsohuwar ƙungiya ta durƙushe cikin 1973. Baba ya riƙe hanyar wasa mai tsari da ladabi. Inoki ya nace sai ya nuna wa duniya cewa ɗan kokawa mayaƙi ne na haƙiƙa, har ya kara da Muhammad Ali a Tokyo cikin 1976, aka yi zagaye 15 aka tashi kunnen doki. Farin jininsa ya kai shi majalisar dokoki cikin 1989, cikin 1990 kuma ya tafi Iraƙi neman a saki Japanawan da aka tsare.

Duk mai cewa wasan yaudara ne kurum, sai ya tuna da Mitsuharu Misawa, almajirin Baba, wanda ya kafa ƙungiyar Noah cikin 2000. An maka shi da ƙasa cikin wasa a Hiroshima a 2009, ya samu mummunan rauni a wuya, ya rasu a daren.

Saboda haka ɗalibin tarihi da ma'aikacin hukuma duka suna da abin nazari a nan: abin da jama'a ke taruwa su kalla yana bayyana irin ciwon da ke ransu, kuma gwarzon da suka ɗaukaka yana iya zama ɗaya daga cikin mutanen da suke rainawa a kan titi.