Jawabin Shugaban Kwamitin Noma: A Kai Bincike Rumbu



Duk kaka manomanmu kan karyar da wake don tsoron ƙwaro, ko su barbaɗa masa maganin da ke cutar da mai ci. Alhali masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Kamaru sun samo mafita: buhun PICS, mai leda biyu a ciki. Idan aka ɗaure shi tamau, iska za ta ƙare wa ƙwaro ya mutu. Tun 2007 ake yaɗa shi a Afirka ta Yamma.

Saura namu, mazauna birni: kowane reshe ya sayi buhunan ya aika gida kafin roron wake. Allah ya sa albarka.