Turanci Jiya da Yau: Yadda Harshe Yake Sake Kama



Batun da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda Ingilishi, wato Turancin da muke aiki da shi a ofis da aji, yake sauyawa da tafiyar zamani. Batun ya shafi kowa a wannan zaure, domin da wannan harshe ake cin jarrabawa ko a faɗi, da shi ake neman aiki, kuma sau da yawa da shi ake auna ilmin mutum tun kafin a saurari hujjarsa. Saboda haka ya kamata mu san asalin ƙa'idojin da ake yi mana hukunci da su.

Ingilishi ya samo tushe ne daga harsunan wasu ƙabilu da suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5. Baturen yau ba ya iya karanta rubutunsu sai ya koye shi kamar baƙon harshe. A shekarar 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci kuwa ya zama harshen fada da shari'a. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Ingilishi. Alamar wannan zamani tana nan har yau: dabbar da talaka yake kiwo ta riƙe sunanta na gida, “cow” da “sheep”, amma namanta da ake kai wa masu sarauta ya ɗauki sunan Faransanci, “beef” da “mutton”.

Yanzu mu dubi rubutu, wanda shi ya fi wahalar da ɗalibanmu. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara tsayawa wuri ɗaya. Furuci kuwa bai tsaya ba. Tsakanin misalin 1400 da 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka gusa daga mazauninsu: kalmar “house”, alal misali, a da ana furta ta da dogon “u”, kamar na “duka” mai nufin bugu. Haka kuma “k” ɗin farkon “knight” da “knee” a da ana jin sa sarai a bakin mai magana. Baki ya sake shi, alƙalami ya riƙe shi. Wasu haruffan ma masana ne suka cusa su da gangan. An daɗe ana rubuta kalmar bashi “dette”, sai aka saka mata “b” ta koma “debt” don a nuna dangantakarta da Latin. Harafin “s” na “island” kuwa kuskure ne tsantsa, an zaci kalmar tana da alaƙa da wata wadda ba su haɗa asali ba. To, yaron da ya manta wannan “s” a yau, shi ake ja wa jan layi.

Nahawu ma bai tsira ba. A da Ingilishi yana bambanta tilo da jam'i a wakilin suna: “thou” ga mutum ɗaya, “ye” ko “you” ga jama'a, ko ga babba don girmamawa, kamar yadda Bahaushe kan ce wa dattijo “ku” maimakon “kai”. Girmamawar ta yi ta yaɗuwa har “you” ta cinye “thou” a maganar yau da kullum. Ɗafin “-eth” na ƙarshen aikatau, wanda ya cika fassarar Baibul ta 1611, ya ba da wuri ga “-s” wanda ya fito daga karin arewacin Ingila. Akwai kuma kalmomin da kunne ya raba a inda bai kamata ba: “a napron” ta koma “an apron”. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin da muka aro “alƙali” da “alƙalami” daga Larabci, mun haɗa su da “al” ɗinsu muka mai da su kalma guda. Ma'ana ita ma tana tafiya: “nice” ta taɓa nufin wawa, “meat” kuwa kowane irin abinci.

Tambayar da za ta biyo baya ita ce, wa ya kafa ƙa'idojin da muke bi? Faransa ta kafa majalisar kula da harshenta a 1635. Jonathan Swift ya nemi a yi irinta a Ingila a 1712, amma ba a yi ba. Aikin sai ya faɗa hannun ɗaiɗaikun marubuta. Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755. A 1762 Robert Lowth ya wallafa littafin nahawu wanda ya soki haɗa korewa biyu a jumla ɗaya, alhali Chaucer ya yi ta amfani da shi ƙarni huɗu kafin nan. A Amurka, ƙamusun Noah Webster na 1828 ya ƙarfafa “color” da “center”, har ga shi kwamfuta takan ja layi a ƙarƙashin rubutun da malami ya ce shi ne daidai. Ko Turancin ofis bai zauna yadda Turawan mulki suka bar mana shi ba. A 1948 gwamnatin Birtaniya ta wallafa littafin da ta sa Ernest Gowers ya rubuta, wanda ya gargaɗi ma'aikatanta su daina dogayen kalamai masu ruɗa mai karatu.

Mu ma muna da hannu a wannan sauyi. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Turancin Nijeriya, cikinsu har da “okada”, “danfo”, “next tomorrow” da “Kannywood”. Abin da aka daɗe ana gogewa daga takardun ɗalibai ya sami mazauni a ƙamus, saboda miliyoyin mutane sun yi ta faɗinsa har ya kama ƙasa.

Kada wani ya fahimci cewa ina kira a yi watsi da ƙa'ida. Daidaitaccen Turanci shi ne ya sa wasiƙar da aka rubuta a Kano ake fahimtar ta a Legas da Landan, kuma ɗalibin da ya raina shi kansa ya yi wa. Abin da nake roƙo shi ne adalci. Malami ya bambanta tsakanin kuskuren da yake ɓata ma'ana da sabon salon da jama'a suka riga suka karɓa. Shugaban ofis ya auna takardar na ƙasa da shi da abin da ta ƙunsa, kafin ya auna ta da kamanninta da wasiƙun zamanin Razdan. Ɗalibi kuwa ya koyi ƙa'ida da kyau, yana sane da cewa mutane ne suka tsara ta a wani lokaci, kuma mutane za su ci gaba da gyara ta.