LACCA GA MAGINA DA 'YAN KASUWAR DINGAYA

'Yan'uwana magina da birkiloli da kafintoci, da ku masu sayar da siminti da kwano da rodi, ku kasa kunne, gama maganar yau ta abincinku ce.

Tun zamanin kakanni, gwanin gini ba shi koyon sana'a shi kaɗai a ɗaka. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, yana da almajirai, su kuma suka koya wa waɗansu. Manyan garuruwa kuwa suna da Sarkin Magina. Watau dabara takan bi hanyar zumunci, daga hannu zuwa hannu.

To, yau sana'ar ta sāke. Babban kamfani ba ya haƙa harsashi sai ya gama ginin cikin kwamfuta. Mai zane da injiniya da mai lissafin kaya duk zane guda suke dubawa. In an matsar da bango, nan take lissafin bulo da siminti ya sāke, kowa ya gani. A Ingila, tun shekarar 2016, gwamnati ta wajabta irin wannan aiki ga masu yi mata manyan gine-gine. Kamfanonin nan kuwa ba su ƙago abin su kaɗai ba. Sun haɗa kai ne da makarantu da masu sayar da kaya da masu ƙera na'ura, wannan ya koya wa wancan.

Mu fa a nan ƙasar Gwaram da Birnin Kudu? Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, yau ga ta a aljihun lebura. A farkon 2023, da takardar kuɗi ta yi wuya saboda canji, ɗan kasuwar da bai taɓa tura kuɗi ta waya ba ya koya, kuma maƙwabcinsa na rumfa ne ya koya masa. To, haka ilmin nan yake tafiya.

Ga abin tsoro. Rajistar kamfani yanzu ta intanet ake yinta. Mai neman kwangila sai ya kawo takardu da lissafi a rubuce. Wanda ba shi da su, kome gwanintarsa, sai ya zama ɗan ƙwadago a ginin garinsu, baƙo ya kwashe riba, a sallame shi da kuɗin yini.

Saboda haka ga shawara uku. Na ɗaya, maginan Dingaya su yi ƙungiya guda, su buɗe zaure a WhatsApp tare da masu sayar da kaya na Sara da Gwaram da Birnin Kudu, kowace safiya a faɗi kuɗin buhun siminti da bandir na kwano, don kada a cuci kowa. Na biyu, kowane aiki a ɗauki hotonsa tun daga harsashi har rufi, kowane biya a ajiye shaidarsa, gama ita ce za ta raba gardama tsakaninku da mai gida. Na uku, ƙungiya ta yi karo-karo ta tura yara biyu ko uku su koyi zane da lissafi a kwamfuta. Ga makarantar koyon kwamfuta ta jiha a Kazaure, ga kwalejin fasaha a Dutse, ga jami'ar tarayya da aka kafa can a 2011. In sun dawo, su yi wa ƙungiya duka aiki.

Kun ga yadda ruwan 2022 ya rushe gidaje a Jigawa. Ana bukatar gini mai ƙarfi, kuma lalle wani ne zai yi shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in kun haɗu aikin zai zama naku.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.