Wa ke da Wata? Dokar Mallakar Fili a Sararin Samaniya da Darasin Makiyayar Arewacin Tawa

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani a birnin Tawa

Gabatarwa



Tambayar da ke gabanmu ita ce: mutum zai iya sa kuɗinsa ya sayi fili a kan wata ko a duniyar Mas, doka kuma ta tsaya masa? Amsa ita ce a'a, kuma zan kawo hujja. Sai dai wannan amsa ba ta rufe magana ba. Ana iya hana mutum mallakar fili, amma ya riƙe shi ta hanyar riƙe ruwan da ke cikinsa. Mu mutanen jihar Tawa mun san wannan tun daga 1961, kuma a kansa nake son in fi daɗewa.

Masu sayar da wata

A 1980 wani Ba'amurke mai suna Dennis Hope ya rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatocin Amurka da Tarayyar Sobiyat cewa wata ya zama nasa. Babu wanda ya tanka masa, shi kuwa ya ce shiru ma amsa ce. Ya buɗe kamfani mai suna Lunar Embassy, yana yanka wata yana sayarwa a kan dala 20 da ƴan kai, yana ba mai saye takarda mai hatimi da taswira.

Duk inda irin wannan takarda ta je gaban alƙali, faɗuwa take yi. A 2001 kumbon NEAR Shoemaker na hukumar NASA ya sauka a kan Eros, wani ƙaton dutse mai shawagi a samaniya. Sai Gregory Nemitz, wanda ya yi rajistar dutsen da sunansa, ya aika wa NASA takardar neman dala 20, kuɗin ajiye kumbo a filinsa. Kotun tarayya ta jihar Nebada ta kori ƙarar a 2004, don ya kasa nuna inda ya samo mallakar. A Sin ma, hukumomin birnin Beijin sun tsayar da cinikin filayen wata a 2005, kotu ta tabbatar da hukuncin a 2007.

Abin da yarjejeniyar 1967 ta tanada

Uwar dokokin samaniya ita ce yarjejeniyar da aka fara sa wa hannu ranar 27 ga Janairun 1967, ta fara aiki ranar 10 ga Oktoba na wannan shekara. Nijar, a zamanin Diori Hamani, tana cikin ƙasashen da suka amince da ita tun a 1967. Aya ta 2 ta hana kowace ƙasa mayar da wata ko wata duniya mallakarta, ko ta hanyar da'awar mulki, ko amfani, ko zama, ko kowace dabara.

Hope ya ce ayar ƙasashe ta ambata, ba ta ambaci mutum ba. Aya ta 6 ta toshe wannan kafa: duk abin da ɗan ƙasa ko kamfani zai yi a samaniya, ƙasarsa ce ke ba shi izini, ita ke sa masa ido, ita ke ɗaukar alhakinsa. Ƙasar da ba ta da ikon mallaka ba ta da abin da za ta miƙa wa ɗanta.

Mu duba yadda ake sayen gona a Adar. Mai sayarwa da mai saye su je gaban maigari. A kira maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa, a taka iyaka da ƙafa, a bi layin aguwa ko gamba har a dawo inda aka faro. Shaidu su dangwala yatsa, hukumar filaye da muke kira kofo, wadda dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa, ta shigar da cinikin cikin kundi. Ranar da wani ya ci iyaka, akwai wanda za a kai wa ƙara, akwai kuma mai tilasta hukunci. Darajar takarda daga wannan sarƙa take fitowa. A kan wata babu ko zobe ɗaya daga cikinta. Fiƙihun Malikiyya da muke bi ya zo kan matsaya guda: ciniki ba ya inganta sai mai sayarwa yana da iko a kan abin, yana kuma iya damƙa shi ga mai saye.

Yarjejeniyar wata ta 1979 ta fi fitowa fili. Ta ambaci ɗaiɗaikun mutane cikin waɗanda aka hana, ta ce wata da arzikinsa gadon dukan ƴan Adam ne. Amma Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba, ƙasashen da ke cikinta ba su kai 20 ba, Saudiyya ma ta fice a Janairun 2024.

Fili ba naka ba, abin da ka haƙo naka

Masu kumbo sun bi ta wata hanya. A Nuwamban 2015 shugaba Obama ya sa hannu kan dokar da ta ba Amurkawa damar mallaka da sayar da abin da suka haƙo a samaniya, tare da bayyana cewa Amurka ba ta da'awar filin. Luksambur ta yi irinta a 2017, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2019, Japan a 2021. Hujjarsu ita ce an riga an saba: ƴan sama jannatin Apollo sun kwaso kilo 382 na duwatsun wata tsakanin 1969 da 1972, Sin ta kwaso gram 1,731 a 2020, ba a ce sun keta doka ba.

A Oktoban 2020 aka fito da ƙa'idojin Artemis ƙarƙashin jagorancin Amurka, waɗanda Najeriya da Ruwanda suka sa wa hannu a Disamban 2022. Ƙa'idojin sun yarda da haƙa, sun kuma kawo batun “yankin kariya”: mai aiki a wuri ya sanar, sauran su yi shawara da shi kafin su kusato.

Wani zai ce ai raya matacciyar ƙasa hanyar mallaka ce a shari'a, kuma mun gani da ido. Aikin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya mayar da tsaunuka da fako wurin shuka, manoman Illela da Badagishiri sun sayi fako sun haƙa tassa sun ci gero a kansa. Gaskiya ne. Amma malamanmu sun ce kewaye wuri kawai, ko kiwo a cikinsa, ba raya shi ba ne, kuma ƙasar da ke kusa da gari sai da izinin shugaba. Rayawa tana zama mallaka ne a inda akwai hukumar da za ta shaida ta. A samaniya, ƙasashe sun riga sun ɗaure hannun kansu.

Darasin arewacin Tawa

Dokar 26 ga Mayun 1961 ta ja layin iyakar noma, wanda ya ratsa jiharmu. Arewa da shi, wajen Abalak da Cintabaradan da Tasara da Tiliya, ƙasar kiwo ce. Dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 ta sake tabbatar da layin, ta hana kowa keɓe makiyaya ya mayar da ita tasa. Mazaunin wuri yana da fifikon amfani, ba shi da mallaka. Ciyawar da saniyarka ta ci kuwa, da nonon da ta bayar, naka ne. Wannan shi ne tsarin da ake shimfiɗa wa wata a yau.

To, me ya faru a aikace? Ku je bakin rijiya a Azawak cikin watan Afrilu, lokacin da tafkuna sun ƙafe. Raƙumi na jan igiya, guga na fitowa, garke-garke na tsaye cikin rana suna jira. Mai rijiya ne ke faɗin wanda zai fara shayarwa, wanda zai biyo baya, da kwana nawa baƙo zai yi kafin ya ƙara gaba. Dabba ba ta iya kiwo nesa da inda za ta dawo ta sha. Saboda haka duk ciyawar da ke kewaye da rijiyar tana hannunsa, ba tare da ya mallaki taku ɗaya na ƙasa ba. Da masu kuɗi suka gane haka, sai suka shiga haƙa rijiyoyi da fanfunan burtsatse, wasu har da shingen waya. Shi ya sa dokar 2010 ta sa tazara tsakanin mashaya: kilomita 15 ga rijiyar gargajiya, 20 ga ta siminti, 30 ga burtsatse.

Wata ma yana da tasa mashayar. A 2009 binciken LCROSS na NASA ya tabbatar da daskararren ruwa a ramin Kabeyus da ke kudancin wata. Daga wannan ƙanƙara ake sa ran samun ruwan sha da iskar shaƙa da man roka, kuma tana cikin ramukan da rana ba ta leƙawa, a ƙuryar kudu da ta arewa. Indiya ta sauke kumbo a yankin kudu a Agustan 2023, Amurka da Sin duk can suka nufa. Wanda ya fara kafa na'ura a bakin irin wannan rami, ya zagaye ta da yankin kariya, ba ya bukatar takardar kowa. Dokar 1967 ba ta faɗi girman wurin da mutum zai iya tarewa ba, ba ta sa wa'adi ba, ba ta tanadi rabon na baya ba.

Idan dutsen ya faɗo mana

Akwai yankin samaniya da ke shiga hannun ɗaiɗaikun mutane tun yanzu. Ranar 21 ga Agustan 1991 dutse mai kilo 110 ya faɗo daga sama a Tazarzait, nan arewacin jihar Tawa. A 1962 wani ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, daga baya aka gano daga duniyar Mas yake. Irin waɗannan duwatsu dokar ƙasar da suka faɗo ke hukunta su.

A Nuwamban 2023 aka tsinci dutsen Mas mai kusan kilo 25 a jihar Agadas, aka sa masa lamba NWA 16788. Ranar 16 ga Yulin 2025 kamfanin Sotheby's ya yi gwanjonsa a birnin Niyok a kan dala miliyan 5.3, kusan miliyar 3 na sefa. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Kamfanin ya ce an bi ƙa'ida. Dokarmu ta 1997 kan kare kayan tarihi ba ta ambaci dutsen sama da sunansa ba, kuma wannan giɓi ne da mu kaɗai za mu iya cikewa.

Kammalawa da shawarwari

Takardar filin wata abin ado ce, ba ta ba kowa haƙƙi. Abin da doka ta bari a buɗe shi ne amfani, kuma amfanin da ba shi da iyaka da wa'adi mallaka ce a fakaice. Saboda haka ina ba da shawara uku.

Na ɗaya, a yi doka bayyananniya kan duwatsun sama: a yi musu rajista, a ajiye wani yanki don bincike a jami'o'inmu, a kuma yanka wa makiyayin da ya tsinta rabo mai tsoka, don kada ya ga fasa-ƙwauri ya fi masa.

Na biyu, Nijar mamba ce a kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da samaniya cikin lumana, wanda ya kafa rukunin aiki kan albarkatun samaniya a 2021. Wakilanmu su je da buƙatu takamaimai: iyakar faɗin yankin kariya, wa'adin riƙe shi, da haƙƙin na baya ya samu ruwa. Su nemi goyon bayan Hukumar Samaniya ta Afirka da aka buɗe a Alƙahira a Afrilun 2025.

Na uku, malaman shari'a na Jami'ar Djibo Hamani su rubuta abin da shekaru sama da 60 na layin 1961 suka koyar, inda dokar ta ci da inda aka zagaye ta. Masu tsara dokar wata suna bukatar wannan shaida, kuma ƙasashe kaɗan ne ke da irinta.