HAUSA, FULANI DA MAGUZAWA A ƘASAR RANO: ME YA HAƊA MU, ME KE RABA MU?

(Matanin laccar da aka gabatar a wani zaman wa'azi a garin Rano, wanda 'yan'uwa daga Kibiya da ƙauyukanta suka halarta)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci 'yan Adam daga uba ɗaya da uwa ɗaya, sa'an nan Ya sassaɓa harsunansu da launukansu. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa muka zaɓi wannan maudu'i shi ne wata magana da ta fara yawo a wayoyin samarinmu a 'yan shekarun nan, wadda a da ba a jin ta a wannan yanki. Yau sai ka ji yaron da bai san sunan kakan kakansa ba yana rantsuwa cewa shi Bahaushe ne zalla, wane kuma baƙo ne. Wani kuma ya mayar masa da cewa su ne suka kawo addini, saura duk 'yan bi ne. Wannan magana ta taso ne daga wuraren da jini ya zuba, kamar Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, inda ta'asar 'yan bindiga da ramuwar gayya suka sa maƙwabci ya daina amsa sallamar maƙwabcinsa. Kafin wutar ta iso gemunmu, wajibi ne mu shafa masa ruwa.

Su wane ne mutanen wannan ƙasa?

Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram. A tarihin baka, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato ƙasashen marina, kuma har yau kirarin sarautar Rano shi ne Autan Bawo. Babu mai jayayya cewa wannan tsohuwar ƙasar Hausa ce.

To amma mu duba yadda aka gina ta. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci Rano tun zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), ya kuma ambaci Warjawa a tare da shi. A zamanin Yajin nan ne Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, suka tsai da salla a fada. A zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) malaman Fulani suka iso da littattafan tauhidi da na lugga. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Maghili ya zo daga arewacin Afirka ya rubuta wa sarki nasiha a kan yadda ake mulki. Ke nan Fulani sun haura shekara 550 a ƙasar Kano. Wanda ya kira mai shekara 550 a gida baƙo, sai ya gaya mana shekara nawa ake yi kafin a zama ɗan gida.

Haka sana'a ta ɗinke mu da na nesa. Baƙin rinin Kura, maƙwabciyarmu, shi ne Buzaye ke naɗawa a Agadas da can cikin sahara. Furar da muke damawa a Rurum ko Tarai, geronta daga gonar manomi yake, nononta daga rugar makiyayi. Bayan an kwashe amfanin gona, al'adar iyayenmu ita ce manomi ya roƙi Bafillace ya sauke shanunsa a gonarsa: shanu su ci kara da harawa, gona ta sami taki. Wani manomin har dawa yake ƙarawa makiyayin don ya daɗe. Auratayya kuwa ta kai matsayin da gidaje da yawa a Rano da Kibiya suna kiran kansu Fulani alhali ba mai jin Fillanci a cikinsu, wasu kuma suna kiran kansu Hausawa alhali kakarsu daga ruga aka ɗauko ta. Har barkwanci iyayenmu suka ƙago don ya zama maganin gaba: Bafillace da Babarbare, Bakano da Bazazzage, kowa ya tsokani ɗan'uwansa a yi dariya a watse.

Darasin Ningi

Kada wani ya ɗauka muna cewa ba a taɓa yaƙi a nan ba. An yi. A Burumburum, kudu da mu, aka kashe Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga gidan Haɓe, a wajen 1807, kuma bayan jihadi Rano ta koma ƙarƙashin masarautar Kano. Sai dai wanda ya karanta jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a matsayin yaƙin Fulani da Hausawa bai karanta shi da kyau ba. Talakawan Hausa da yawa sun bi Shehu, Fulani da yawa sun tsaya tare da sarakuna. Yakubu, wanda ya karɓi tuta ya kafa Bauchi, daga Gerawa ya fito. Shi kansa Shehu, a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra na 1806, ya lissafa fifita wata ƙabila a kan wata cikin abubuwan da ke saurin rushe mulki.

Amma darasin da ya fi kusa da mu shi ne na Ningi. A wajen 1846 wasu malamai Hausawa daga Tsakuwa, ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza, suka yi sa-in-sa da hukumar Kano a kan haraji, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. A can suka tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da ba harshensu ɗaya ba, kuma mafi yawansu a lokacin ba Musulmi ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana jin an matsa masa. Suka dunƙule suka zama ƙarfi guda, suka shekara kusan hamsin suna kai hari kudancin Kano, har Sarki Abdullahi Maje Karofi (1855 zuwa 1883) ya ɓata shekaru masu yawa na mulkinsa yana fama da su. Garuruwan wannan yanki sun sha wannan wuya, an kame mutane ta kowane ɓangare, an ƙone rumbuna.

Ku lura da kyau, ya 'yan'uwa. Jagororin da suka addabi ƙasar Kano daga Ningi Kanawa ne, Hausawa, masu allo da tawada. Waɗanda aka kai wa harin kuma Hausawa ne da Fulani da Maguzawa. Da ƙabila ce ke yanka layin gaba, da ba haka aka rabu ba. Abin da ya yanka layin shi ne jin an yi zalunci. Wannan ita ce natijar da muke so kowa ya tafi gida da ita: bambancin asali bai taɓa raba mutanen ƙasar nan ba sai in zalunci ya riga ya shiga tsakani. Ƙabila riga ce da zalunci ke arawa ya sa.

Maƙwabcin da muke mantawa

In ana maganar Hausa da Fulani, akan manta da na uku. A ƙauyukan kudancin Kano akwai Maguzawa, Hausawan da suka daɗe a kan addinin gargajiya. Malaman tarihi da dama suna ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar Majusu, domin malaman fiƙihu sun sanya su a wannan babi don a karɓi jiziya daga gare su a kuma ba su amana ta rai da dukiya. Ma'ana, magabatanmu sun nemo musu mazauni a cikin shari'a. A ƙarnin da ya wuce da yawansu sun musulunta, wasu kuma sun shiga Kiristanci ta hannun 'yan mishan.

Dole mu tambayi kanmu da gaskiya: me ya sa wasunsu suka bi baƙon da ya ƙetaro teku suka bar maƙwabcin da suke yare ɗaya da shi? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne baƙon ya zo da magani da makaranta, mu kuwa sau da yawa abin da suka samu daga gare mu shi ne gori da ƙyama. Har wanda ya musulunta a cikinsu yakan nemi aure a ce masa tubabbe ne, kamar dai akwai wanda kakanninsa ba su taɓa tuba daga wani abu ba. Muna fatan shiriya ga kowa, wannan aƙidarmu ce, ba ma ɓoye ta. Amma haƙƙin maƙwabtaka bai jira sai maƙwabci ya yi kalmar shahada ba. Malamai sun bayyana cewa maƙwabci wanda ba Musulmi ba yana da haƙƙinsa: a duba shi in ba shi da lafiya, kada a ci iyakar gonarsa, kada a tauye masa mudu, a yi masa adalci a gaban alƙali ko da a kan ɗan liman ne.

Mizanin addini

Suratul Hujurati ta koyar da mu cewa an sanya mutane dangogi da ƙabilu ne domin su san juna, kuma taƙawa ce ma'aunin ɗaukaka. Musulunci bai umarci Salmanu ya daina zama Bafarishe ba, bai ce Bilalu ya musanta Habasha ba. Don haka babu laifi Bafillace ya koya wa ɗansa Fillanci, babu laifi Bahaushe ya yi alfahari da tarihin Autan Bawo. Abin da aka haramta shi ne asabiyya, wato ka goyi bayan naka a kan ɓarna don kawai naka ne. Aus da Khazraj sun daɗe suna kashe juna a Yasriba kafin hijira, Musulunci ya mai da su Ansaru. A wata tafiya, da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa, kowa ya ƙwala wa mutanensa kira, Manzon Allah (SAW) ya tsawata, ya siffanta wannan kira da cewa na jahiliyya ne. In an hana Muhajirai da Ansaru wannan kira alhali sunayensu masu daraja ne, ina ga mu?

Abin da Uromi ta nuna mana

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar salla, mafarauta 16 da ke dawowa gida daga Fatakwal aka tare su a Uromi ta jihar Edo. An ga bindigogin farauta a motar, aka yi musu ihun masu satar mutane, taron jama'a ya kashe su. 'Ya'yan wannan yanki ne, da dama daga cikinsu mutanen Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, wadda masarauta ɗaya muke da ita. Gwamnan Edo da kansa ya zo Kano ta'aziyya. Allah Ya jiƙansu.

Babu wanda ya tsaya ya tambaye su: kai Bahaushe ne ko Bafillace? Kamanninsu da harshensu suka zama shaidar da aka yanke musu hukunci da ita. Duk mun yi kuka da wannan zalunci, kuma muna da gaskiya. To amma ranar da aka sace saniya ko aka tare hanya a dajin Falgore, muka ce duk mai sanda da malfa ɓarawo ne, wane bambanci ke tsakanin hukuncinmu da na mutanen Uromi? Wanda ya ɗanɗani ɗacin a kama shi da laifin wani, shi ya fi cancanta ya guji yi wa wani haka.

Abin da ya wajaba a kanmu

Na farko, mu kira rikici da sunansa na gaskiya. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura da Bunkure, kuma alheri ne babba. Amma fadamun da shanu ke kiwo da rani sun zama gonakin shinkafa da tumatir, jama'a ta ƙaru, burtali ya tsuke, wani wurin ma an nome shi. Wannan matsalar ƙasa ce da ruwa. Maganinta shi ne dagatai da masu unguwanni da ardo-ardo su zauna kafin damina su shata burtali da mashaya, wanda ya nome burtali a hana shi, wanda shanunsa suka yi ɓarna ya biya daidai ɓarnar, ba tare da an ninka masa don ba shi da kowa a gari ba.

Na biyu, laifi na mai laifi ne shi kaɗai. Kada a ƙone ruga saboda mutum ɗaya, kada kuma ruga ta ɓoye ɓarawo don ɗanta ne. Ɓoye shi asabiyya ce, ƙone rugar ma asabiyya ce.

Na uku, mu tsare harsunanmu da yatsunmu. Saƙon murya ko hoton da ya shigo WhatsApp ko Facebook yana zagin wata ƙabila, wanda ba ka san wanda ya yi shi ba, ba ka san inda abin ya faru ba, tura shi gaba shiga cikin alhakin ne. Surar da ta yi maganar ƙabilu ita ce kuma ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi.

Na huɗu, makarantunmu na Islamiyya su isa ruga da ƙauyukan Maguzawa, da malami da magani da kyakkyawar mu'amala. Yaron da ya zauna tabarma ɗaya da ɗan makiyayi yana biya karatu, da wuya a zuga shi gobe ya ɗauki gora a kansa.

Na biyar, mu daina barin 'yan siyasa suna auna mu da mudun asali. A 2019 aka ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a 2024 aka soke dokar, sa'an nan aka dawo da ita mai daraja ta biyu a kan Rano da Kibiya da Bunkure. Iyaka ta faɗaɗa ta kuma tsuke cikin shekara biyar, amma maƙwabcinka na jiya shi ne na yau, kuma shi ne zai ɗauki makararka.

Muna roƙon Allah Ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, Ya tsare ƙasar Rano da Kibiya da sauran ƙasashen Musulmi daga fitina, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin mai garma da mai sanda. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne, Allah Ya yafe mana.