Ragowar Kuɗin Diyya: Hannun Wa Za Su Shiga?



A Amurka akwai wata irin shari'a da za mu iya kira ƙarar gayya, inda mutum ɗaya ko biyu kan tsaya gaban alƙali a madadin dubban jama'ar da kamfani guda ya cuta. Idan aka yi sulhu, sai kamfanin ya zuba diyya a asusu ɗaya. To, a nan gizo ke saƙa. Wasu masu haƙƙi sun rasu, wasu sun yi ƙaura, wasu kuwa ko takardar neman kasonsu ba su cike ba. Sai kuɗi su yi saura, kuma mayar wa kamfanin da su tamkar saka masa ne a kan laifinsa.

Don haka kotuna suka aro wata ƙa'ida daga dokar wasiyya ta Ingila, mai suna si-pire a tsohon Faransanci, wato "mafi kusa". Ragowar takan tafi ga ƙungiyar taimako wadda aikinta ya fi kusa da amfanin waɗanda aka cuta.

A takarda abin ya yi kyau. Amma mu dubi shari'ar Google, wanda aka zarga da miƙa wa wasu shafuka kalmomin da mutane suka bincika a intanet. An yi sulhu a kan dala miliyan 8.5, alhali masu haƙƙi sun kai kimanin miliyan 129, kowa zai tashi da kusan santi 4 ke nan bayan an cire kuɗin lauyoyi da sauran kuɗin gudanarwa. Sai aka tsara lauyoyi su karɓi sama da miliyan 2, cibiyoyi 6 su raba sama da miliyan 5, jama'ar gayya kuwa ko anini. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, wasu cibiyoyin na jami'o'in da lauyoyin suka yi karatu ne. Magana ta kai Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta mayar da ita ƙasa ba tare da ta yanke hukunci a kan ƙa'idar ba. Daga baya, a 2023, aka amince da sabon sulhu na dala miliyan 23, wanda aka raba wa masu haƙƙin da suka nema.

Mu ma nan mukan buɗe asusun gudummawa, na ambaliya ko na haƙa rijiya, a gama aiki kuɗi su rage, daga nan ƙananan maganganu su fara. Shawararmu ga majalisar zartarwa ita ce, kafin a karɓi ko kwabo a rubuta inda ragowa za ta tafi. A fara neman waɗanda aka tara dominsu. Kuma duk wanda ke da ɗan'uwa ko hannu a wurin da ake son kai kuɗin ya tashi daga zaman zaɓen. Muna roƙon sakatare ya sa wannan cikin ajandar taron gobe.