Tukunyar Gas Ta Ƙare Tun Wata Bai Raba Ba: Ina Gas Ɗin Ya Tafi?

Muna gaida makiyaya a ruga da mashekari, da fatake da direbobi da ke kan hanyar Garwa Bulai zuwa Bangui, da iyayenmu mata a unguwar Kilomita Biyar, wato PK5.

Zancenmu na yau kan gas ɗin girki ne. Koken da muke yawan ji daga gidajen PK5 kusan iri ɗaya ne: tukunyar da a da take kai wata guda, yanzu sati biyu ta yi shiru. Maigida ya dawo daga tafiya ya ce ɓarna ake yi, uwargida ta ce ita girkinta bai canza ba, sai a haɗu a ɗora wa mai sayarwa laifi. To, ruwa ba ya tsami banza. Amma kafin a zargi kowa, a san cewa gas da kilo ake sayar da shi, da awa kuma yake ƙonewa. Wanda ke ƙirga shi da kwanaki kawai ba zai taɓa gane inda kuɗinsa ke zurarewa ba.

A raba tsada da saurin ƙarewa

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Tsadar tukunya daban, saurin ƙarewarta daban. Ita tsadar, tushenta a waje yake. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, ba ta da matatar mai. Abin da ake ƙonawa a Bangui ko dai ya hauro kogin Ubangi a watannin da ruwa ya cika, ko ya biyo mota daga Duwala, tafiyar kusan kilomita 1,400, ta Garwa Bulai da Beloko da Buwar. Kowane shinge da kowane kwanan jira a bakin iyaka, a kan mai saye yake ƙarewa. Ba mu manta ba, daga Disamban 2020 zuwa farkon 2021, da 'yan tawaye suka datse wannan hanya, ɗaruruwan manyan motoci suka yi cirko-cirko a Garwa Bulai, kaya suka yi tashin gwauron zabo a kasuwar PK5.

Shi ya sa ɗan kasuwar da ya san a Kamaru farashin gwamnati na tukunya mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne, kada ya yi mamakin abin da zai tarar a Bangui. Can gwamnati na tallafa wa farashin, ga kuma tashar jirgin ruwa a gida. Wannan ɓangaren ba a hannun uwargida yake ba. Wanda ke hannunmu shi ne na biyu.

Lissafin awa

Kan risho matsakaici, in an buɗe shi sosai, yana shan kamar giram 150 a awa guda. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 tana ɗauke da wutar awa 80 da 'yan kai, mai kilo 6 kuma awa 40. Gidan da ke kunna kai ɗaya awa uku a yini, babbar tukunya za ta kai shi kusan sati huɗu. In kai biyu ne ke ci tare, tuwo nan miya can, awa biyu da rabi kowanne, to awa biyar ke nan, kwana 16 ko 17 an gama. Babu wanda ya saci komai. Shi kuwa babban murhun nan na masu sayar da abinci, yana iya lashe rabin kilo a awa.

Sai Hajiya ta tambayi kanta: me ya ƙaru a gidan nan? Baƙi sun sauka daga ruga? Azumi ne, ga kunu ga sahur? An fara dafa madara don kindirmon sayarwa? Samari na ɗora shayi tun bayan la'asar har dare, na fari, na biyu, na uku?

Babban mai cin gas da ba a lura da shi, ruwan zafi ne. Tafasa ruwa lita 20 yana cin kusan rubu'in kilo. Gidan da aka yi haihuwa, ana dafa ruwan wankan jego safe da yamma, rabin kilo ke tafiya kullum tun ba a ɗora tukunyar abinci ba. Wankan kaɗai zai cinye babbar tukunya kafin a yi arba'in. Irin wannan aiki, da dahuwar kan sa da ƙafar sa, a bar wa gawayi ko itace.

Awo kafin biya

Makiyayi ba ya sayen sa a cikin duhu, mai sayen hatsi ba ya karɓar buhu bai ɗaga ba. Me zai sa a sayi gas da ido? A jikin kowace tukunya, wajen mariƙi ko wuya, an buga nauyinta in babu komai a ciki. A haɗa wannan lamba da 12.5, abin da sikeli ya kamata ya nuna ke nan. Misali, in an rubuta kilo 13, cikakkiya za ta kai 25 da rabi. In ta tsaya a 23 da rabi, kilo biyu babu: wutar awa 13, girkin fiye da kwana huɗu, kuma kowane kilo da aka samu ya ƙara tsada da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Jijjiga tukunya a ji motsin ruwa ba awo ba ne. Ko a kamfani ba a cika ta maƙil, ana barin sarari saboda gas na kumbura in ya ji zafi. Sikelin rataya irin na masu auna nama ya wadatar, kuma kuɗinsa bai kai asarar tukunya ɗaya ba.

Ku 'yan kasuwa masu ƙetare iyaka, ku lura da bambancin tsari. A Najeriya mutum kan kai tukunyarsa a zuba masa kilon da ya biya yana kallo. A Kamaru da Bangui musanya ake yi, ka ba da wofi ka karɓi cikakkiya, galibi kowane kamfani da tasa tukunyar. A nan hatimin da ke bakin tukunya shi ne shaidarka. In ya yage ko an yi masa ɗaurin gida, ka bar ta. Akwai masu juye gas daga wata tukunya zuwa wata a bayan shago, su rage kaɗan a nan kaɗan a can. Araha ba ta ado, kuma irin wannan juyen shi ke tayar da gobara a tsakiyar kasuwa.

Yoyo

Wannan shi ya fi haɗari, don ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba. Mu ɗauka wata 'yar kafa tana fitar da giram 10 kacal a awa. Risho awa uku yake aiki, ita kuwa kafar ba ta barci: a wata guda ta zubar da fiye da kilo bakwai.

Wuraren da aka fi samun yoyo huɗu ne: 'yar robar da ke bakin tukunya, kan da ake ɗaurawa mai daidaita ƙarfin gas, tiyo, da mahaɗar tiyo da risho. Gwajin ba ya cin ko dala. A kaɗa sabulu da ruwa, a shafa a wuraren nan, a buɗe tukunya risho na kashe. Inda kumfa ke hurowa, nan ɓarawon yake. Don Allah kada a gwada da ashana. Tiyon da ya bushe, ko ya tsattsage, ko ɓera ya taɓa, canza shi ake yi, ba a ɗaure shi da leda ko robar taya. Kuma tiyon ruwa ba tiyon gas ba ne.

Shi gas ba shi da wari, da gangan ake sa masa warin nan don hanci ya yi gargaɗi. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci a tabarma. A unguwa irin PK5, inda gida ke jingine da shago, shago ke jingine da rumbun kaya, wutar gida ɗaya ta layi guda ce. In an ji wari: a rufe tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara, kada a taɓa makunnin lantarki, a kai tukunyar fili nesa da murhun gawayi.

Risho da hannun mai girki

Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana zaune daram. In ta koma ja ko rawaya, tana baƙanta gindin tukunya, gas na tafiya ba tare da ya ba da zafinsa duka ba. Sau da yawa miya ce ko kunu ya zuba ya toshe ramukan. A cire kan, a wanke, a bushe. Kada a sa ƙusa a faɗaɗa ramin da gas ke fitowa wai don wuta ta ƙaru, wannan ƙara ci ne kawai.

Sauran kuwa iyayenmu mata sun fi mu sani, tuni ne kawai. A rufe tukunya da murfi. Abu in ya tafasa a rage wuta, don ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Harshen wutar da ya zarce gindin tukunya iska yake dafawa. A jiƙa wake tun dare. A gama yanka da jajjage kafin a kunna. Mai girki a tsakar gida ta kare risho daga iska, amma ban da rufe kai a ɗaki babu taga. In an gama, a fara rufe tukunyar gas, sannan risho.

Abin da za a yi a tukunya ta gaba

Alhaji, kafin ka kama hanyar Beloko, ka auna sabuwar tukunya, ka rubuta nauyi da kwanan wata da alli a bango. Bayan sati a sake aunawa. In kilo uku ya tafi, gidan na kan hanyar wata guda. In biyar ko shida ne, a duba awannin girki, a yi gwajin sabulu, a kalli launin wuta. Ɗaya daga cikinsu zai amsa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, sikeli kuwa ba ya jin kunyar kowa, kuma ya fi rigimar miji da mata sauƙi.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.